Ɗan Tsohuwa

Laraba, 10 ga Shawwal 1366, bayan la'asar. Tambuwal.

Wani bafatake da ya fito daga Kebbe ya ishe ni a rumfar fatu ina duba ƙiraga, ya ce Yaya Ɗangiwa ya ce in zo gida, yaron ba shi da lafiya. Na ce wane yaro, gidanmu yara sun fi kaji yawa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, ɗan tsohuwa." Sai na bar tambaya.

Ɗan tsohuwa dai ɗana ne, na fari. Ranar da anka yaye shi mahaifiyata Dada ta goya shi ta tafi da shi ɗakinta, yadda ake yi wa kowane ɗan fari a gidanmu. Ni da uwarsa Kulu ba mu kiran sunansa, ba mu zama inuwa ɗaya da shi, in an tambaye mu 'ya'ya sai mu fara ƙirga daga ƙanensa. Alkunya ke nan. Haka ubanmu ya yi wa Yaya Ɗangiwa, ɗansa na fari, har tsohon ya koma ga Allah, kuma ni ban taɓa jin ta yi mini nauyi ba. Yanzu yaron ya kai sha uku, shi ke kora shanun gida. Dada ta rasu da bazarar da ta wuce.

Na ji abin da ya faru a gulbi bayan sallah, shi da abokinsa Namadi. Kowa ya ji. Turawan dabbobi sun koya mana rubuta aikin kowace rana, saniyar da ta mutu da fatar da ta lalace, amma ba su ce a rubuta wannan ba, kuma ba zan rubuta ba.

Gobe in Allah ya kai mu zan hau keke.

Juma'a, 12 ga Shawwal, bayan magariba. Kebbe.

Keken ne ya hau ni. Rabin hanyar taɓo ce, na saɓa shi a kafaɗa har yara na bi na suna dariya, malamin En'e ya zama jaki.

Yaron yana ɗakin Dada. Ban shiga ba, na tsaya a bakin ƙofa kamar mai duba jinka. Yana zaune a inda gadonta yake da, ya haɗa kai da gwiwa, leɓɓansa sun tsage. Yaya ya ce tun ranar gulbin nan ba ya shan ruwa, in ya ga ƙwarya da ruwa sai jikinsa ya ɗauki rawa, nono mai kauri kawai ake ɗura masa da ƙyar. Ni kuwa na san abin da ke sa tsoron ruwa. Na sa Yaya ya tuɓe shi ya duba ko'ina. Babu cizon kare, ko ƙwarzane babu. Alhamdu lillahi a kan wannan.

An kawo tuwo, ya dube shi ya ce a hankali, "Ku bar ɓata hatsi. Wanda kuka ba yat tafi cikin ruwa." Yaya ya ce haka yake faɗa kullum, wai shi ya mutu, gawa ce munka ajiye a ɗaki.

Kulu ta kawo mini ruwa, ta tambayi hanya, ta tambayi aiki, ba ta ce komai a kansa ba. Amma turminta ya tashi daga gindin durumi, ya koma daf da bangon ɗakin Dada, inda babu ko inuwa.

Asabar, 13 ga Shawwal, hantsi.

Bai ci ba.

Lahadi, 14 ga Shawwal, bayan azahar.

Liman ya yi rubutu, ni ma na yi nawa. To rubutu ai ruwa ne. Da ya ga ƙoƙon sai ya manne da bango yana haki, na ce a bar shi. An yi hayaƙi, ya shaƙa bai ko yi tari ba. Wata tsohuwa ta ce mutanen ruwa ne, a kira masu garaya. Yaya ya ce ba a gidan ubansa ba.

Da safe an neme shi an rasa. An same shi a maƙabarta, kwance a gefen sabon kabarin Namadi, ya juya dama ya fuskanci gabas, ya miƙe ƙafafu. Da Yaya ya ɗaga shi bai yi gardama ba, cewa kawai ya yi, "Kun manta da ni a waje."

Yaron da Dada ke cewa ya fi ta surutu. Yaron da ke hira da shanu tun daga garke har fadama, kowace da sunanta.

Talata, 16 ga Shawwal, la'asar.

Yau an kai inda nake tsoro. Ƙananan yara sun nufi gulbi da tulunansu, ɗan tsohuwa ya fito da gudu ya cafke ƙaramin cikinsu, ɗan maƙeri, ya rungume shi ya ƙi saki. Yana ta cewa, "Na riƙe, wannan karon na riƙe." Sai da maza uku sunka ɓamɓare hannunsa. Ɗan maƙerin bai karye ba, amma damtsensa ya yi shati, kuma ubansa ya tafi ƙofar hakimi.

Yaya ya aika an ɗauko turu daga gidan da anka taɓa tsare wani mahaukaci. Gungumen kirya ne mai rami, a zura ƙafa a buga ƙarfe ya tare idon sawu. Ya ce, "Attahiru, ƙauye na, ɗiyan mutane na yawo. In yak kashe wani mi za mu ce?" Shi ya buga ƙarfen da hannunsa a gindin rumbu, hawaye na sauka cikin gemunsa. Ba zan ce Yaya mugu ne ba, har abada.

Yaron shi ya miƙa ƙafar da kansa. Duk lokacin da ake bugawa ina jin taɓaryar Kulu a bayan danga, ba ta tsaya ba, alhali na ga turmin, babu komai a ciki.

Na daɗe ina tunanin abin da ya yi. Kowa na cewa ya kai wa yaro hari. Ni abin da na gani, ya ga yaro zai je ruwa ne ya hana shi.

Laraba, 17 ga Shawwal, asuba.

An yi ruwa, na fita na kafa masa zana. Ban yi magana ba, shi ma bai yi ba.

Alhamis, 18 ga Shawwal, bayan la'asar.

Di'o ya sauka garin yana rangadi, ƙarar maƙeri ta kai kunnensa a ƙofar hakimi, ya ce sai ya gani da idonsa. Saurayi ne, ja wur, ba shi da zafi. Ya cire hularsa ya tsuguna ya daɗe yana duban ƙafar da ke cikin turu. Tafintansa mutumin Lakwaja ne, Hausarsa ta kasuwa ce. Zaure ya cika, maƙwabta sun shigo har tsakar gida.

Tafinta ya juyo gare ni, don ya ga ni ne mai kakin En'e, ya ce, "Ɗanka ne?"

Gaban Yaya, gaban dattawan unguwa. Bakina ya ba da amsar da ya saba bayarwa tun ranar suna, na ce, "Ɗan tsohuwa ne."

"Ina tsohuwar?"

"Allah ya yi mata rasuwa."

Ya juya wa Bature. Turancina bai taka kara ya karya ba, amma na ji ya ce maraya ne, uwarsa ta mutu, ba shi da kowa. Bature ya girgiza kai ya ce bai kamata a bar yaro marar mai kula da shi a cikin gungume ba. In ya gama zagayen Fakku nan da mako biyu zai biyo ta nan, dogari ya tafi da shi Sakkwato, inda ake tsare masu taɓin hankali.

Duk wanda ke tsakar gidan nan ya san abin da amsata ke nufi, har 'yan yaye sun sani. Ba wanda ya buɗe baki, don wa zai tsaya gaban uba ya ce ai ga ubansa nan? Yaya kuwa ƙasa yake kallo, ina jin har ransa ya ga sauƙi ne ya zo. Kafin in haɗiye yawu sun hau dawakai.

An ce wurin a bayan gidan yari yake. An ce da mari a ƙafa ake kwana. Ban san wanda ya je ya dawo ba.

Da gida ya watse sai na ji dariya a gindin rumbu, 'yar siririya. Ya ce, "Kun ji ko? Na gaya muku."

Juma'a, 19 ga Shawwal, bayan sallar Juma'a.

Ban san abin da liman ya karanta ba.

Asabar, 20 ga Shawwal, bayan magariba.

Abin da na gani yau ina so in rubuta shi daidai, kada in manta ko ɗaya.

Da hantsi Kulu ta fito daga ɗakinta da tabarma a hammata da kasko a hannu. Ta ratsa tsakar gida gaban matan Yaya da baƙin da sunka zo jaje, ta shimfiɗa tabarmar a gindin rumbu, ta zauna har gwiwarta na taɓa turun. Matar da tun da anka yaye shi in ya shigo ta wannan ƙofa sai ta fita ta waccan. Ta hura wuta, ta ɗora zangarniyar sabon gero da ta karyo a bayan gida, ta gasa tumu. Ƙamshi ya cika gidan. Ta murje shi a tafin hannu, ta hure ƙaiƙayi, ta watsa kaɗan a bakinta ta tauna. Sannan ta kama hannunsa ta buɗe ta zuba masa.

Sai ta kira sunansa. Da ƙarfi, yadda ake kiran yaro ya zo ya ɗauki aike.

Wata ta ce inna lillahi. Ni ina bakin zaure, na ji kunnuwana sun yi zafi kamar ni anka tuɓe a kasuwa.

Ya ɗago ya dube ta, ina jin bai taɓa ganin fuskarta kusa haka ba. Ya ce, "Ya mutu."

Ta ce, "Matacce ba shi haɗiyar miyau in ya ji tumu. Na ga maƙoshinka. Ci."

Bai ci nan take ba. Ta ci gaba da gasawa tana ci tana ba shi labarin ranar da ta haife shi, wai ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, wai ungozoma ta zame ta faɗi a ƙofar ɗaki ta tashi tana zagin kowa. Ni kaina ban taɓa jin labarin nan ba. Can sai na ga hannunsa ya tafi baki.

Uwargidan Yaya ta ja ta gefe ta ce, "Kulu, ina kunyarki? Ɗan fari fa na." Kulu ta ce, "Yaya, kunya ba ta yi mini naƙuda ba." Ta koma ta zauna.

Shekara goma sha biyar muna tare, na ɗauka na san ta. Mace ce da ko tari ba ta yi da ƙarfi in ina gida.

Litinin, 22 ga Shawwal, azahar.

Ta tare a gindin rumbu gaba ɗaya, can take tankaɗe, can take kaɗi. Ba ta kai masa ruwa a ƙwarya, ko kusa. Takanɗa take feƙe masa ya tsotsa, ta dama fura da nono zalla ta yi kauri ta ba shi a ludayi, ta jiƙa tsumma a ɓoye ta goge masa wuya tana masa hira don kada ya lura. Da lokacin salla ya yi ta buga tafinta a ƙasa ta shafa, ta ce, "Marar lafiya taimama shika yi. Tashi, Allah bai sallame ka ba." Ya yi salla a zaune da ƙafa cikin gungume.

A rijiya an ce ta zubar da mutuncin gidanmu. An ce ita ma abin ya taɓa ta. An kawo mata maganar, ta ce a gaishe su.

Sunan kuwa ba ta gajiya da shi. Safe da yamma, da dalili da babu dalili. Duk sanda ta kira sai in ji tsikar jikina ta tashi, in nemi abin yi a garke.

Laraba, 24 ga Shawwal, bayan la'asar.

Jiya na yi murna da wuri. Yau hadari ya taso, da ya ji rugugi sai ya birkice, yana jan turu yana ihu a fito daga ruwa, a fito. Kulu ta riƙe shi, ya fizge ya wurga akushi, ya same ta a gira. Jini ya rufe mata ido.

Yaya ya zo da gudu. Ta riga ta danne wurin da gefen zane, ta ce, "Ƙofar rumbu ta, ban duƙa da kyau ba." Yaya ya dubi akushin a ƙasa, ya dube ta, ya juya.

Na ce mata ta koma ɗaki ta huta ko na yini ɗaya. Ta ce, "Malam, in na tashi yanzu zai ce gaskiya tai, kowa gudun gawa shika yi." Ta kwana a wurin, yayyafi na dukan zana.

Ina jin tsoro. Na rubuta, tunda ba ni da wanda zan gaya wa.

Alhamis, 25 ga Shawwal, hantsi.

Bai ci ba. Ya ga girarta, ya juya wa bango fuska.

Asabar, 27 ga Shawwal, la'asar.

Yelwa ta zo, uwar Namadi. Ba wanda ya aika mata. Tun ranar nan ba ta fita ba, mu kuwa kunya ta hana mu haɗa ido da mutanen gidansu. Ta shigo da ƙwaryar nono a ka, ta rame har ban gane ta ba sai da ta yi sallama. Matan gida sunka tashi za su kai ta ɗaki, ta ce ba wurinsu ta zo ba.

Da ya gan ta sai ya fara ja da baya, turu ya hana shi. Ta durƙusa a gabansa ta ce, "Dube ni. Ni ta, uwar abokinka."

Ya rufe fuska ya ce, "Na riƙe shi, Inna. Wallahi na riƙe shi. Hannun nai santsi."

Ta ce, "Na sani. Masunta sun gaya mini, sun ce har ka nutse ka taso ba ka saki ba." Ta ƙara da cewa, "An ce kana faɗin kai am matacce. To ni na ga wanda anka ɗauka a makara, na san ƙafafun ɗana. Guda na. Kar ka ƙara mini na biyu, ba ni iyawa."

Sai ya fashe da kuka. Yaya ya ce tun da anka fid da shi daga gulbi hawaye bai fito masa ba sai yau. Kulu ta jawo kansa ta ɗora a cinyarta, Yelwa ta riƙe ƙafar da ba ta cikin turu. Na fita bayan gida na tsaya cikin gero, ganye ya rufe ni.

Na yi karatu gwargwado, na zauna gaban malamai a Sakkwato. Ban taɓa ganin sadaka irin ta matar nan ba. Allah ya jiƙan ɗanta, ya sanyaya mata.

Lahadi, 28 ga Shawwal, bayan azahar.

Idon sawunsa ya yi gyambo. Kulu ta je har zaure ta durƙusa gaban Yaya ta ce a cire turun. Ya ce in ya gudu gulbi fa, in ya kama ɗan wani fa? Ta kwance ɗankwalinta ta yage shi biyu ta ce, "In ɗauri za a yi, a ɗaure shi gare ni." Yaya ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce a kira maƙeri. Uban yaron da anka kama ɗin ne ya zo ya zare ƙarfen, da zai tafi ya bar man kaɗe a shafa wa ƙafar.

Yanzu tsumma ne tsakanin wuyan hannunsa da nata. Inda ta sa ƙafa nan yake sawa, yana ɗingishi. Ko ɗan akuya zai iya tsinka tsumman nan. Bai ja ba ko sau ɗaya.

An aiko daga Tambuwal in koma, an kawo fatu babu mai dubawa. Da nake ɗaure kaya a keke ta zo ta tsaya, shi yana bayanta yana kallon ƙasa. Ta yi magana ƙasa-ƙasa. "Malam, ni na yi nawa. Bature ba shi shigowa gindin rumbu ya tambaye ni. Ƙofar hakimi za a yi ta, gaban maza. Bakin da yaɗ ɗaure shi aka jira ya kwance."

Na ce Allah ya nuna mana. Ta ce amin, amma ba ta kawar da ido ba sai da na kawar.

Talata, 1 ga Zulƙida, bayan la'asar. Tambuwal.

Na buga wa fata mai tsutsa hatimin mai kyau, sai da dillali ya nuna mini. Abin da ban taɓa yi ba.

A hanya, inda babu kowa sai dawa da tsuntsaye, na tsayar da keke na ce bari in gwada faɗin sunan. Ni na raɗa shi a kunnen liman ranar suna, daga nan ban sake ba. Na buɗe baki sai na ga fuskar ubana, na ga dattawan Kebbe a jere. Harshena ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Na hau keke na wuce.

Mace ta yi a gaban kowa da jini a gira. Ni na kasa a gaban dawa.

Alhamis, 3 ga Zulƙida, magariba. Kebbe.

Na dawo. An ce jibi Di'o zai iso. Yaron ya je garke jiya da uwarsa a ɗaure da shi, saniyar Dada ta lashi hannunsa, ya kira ta da sunanta. Yau kuma tun safe bai ce komai ba.

Asabar, 5 ga Zulƙida, bayan la'asar.

An yi ta a ƙofar hakimi da hantsi. Bature a kujera, tafinta a tsaye, dattawa a kan buzaye, dogari a gefe da igiya a naɗe a hannu. Igiyar na fara gani. Kulu ta kawo shi da kanta, ta lulluɓe har ido, ta tsaya a bayan taro inda mata ba su saba tsayawa ba. Bature ya ga babu turu, ya ga tsumman, ya tambaya wace ce wannan. Tafinta ya ce wata mai tausayi ce a gidan. Ya ce madalla, amma tausayin maƙwabta ba ya daɗewa, a miƙa shi ga dogari.

Dogari ya taka. Na ga Kulu ta naɗe tsumman a hannunta sau biyu.

Ban san sanda na miƙe ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai gyara." Muryata ta fito kamar ta wani. Na ce, "Yaron ga ba maraya ba ne. Ɗana ne, na cikina, ɗan farina. Waccan uwarsa ce da ta haife shi. Tsohuwar da na faɗa kakarsa ce." Sannan na faɗi sunansa, da nawa a bayansa.

Dattawa duk sunka sunkuyar da kai, wani ya ja rawani ya rufe baki. Zufa ta jiƙa mini riga har ƙugu. Bature ya ɗaure fuska ya ce to me ya sa na yi masa ƙarya rannan. Sai Yaya Ɗangiwa ya yi gyaran murya ya ce, "Ba ƙarya yay yi ba, ladabi yay yi. Ni ma ubana bai taɓa cewa ni nashi na ba." Ya ƙara da cewa, "Da ya faɗi ko sau guda, da na so." Ban taɓa jin Yaya ya yi magana irin wannan ba.

Tafinta ya yi ta fama, Bature na kallonmu ɗaya bayan ɗaya. Daga ƙarshe ya ce in uba da uwa sun tsaya, shi ba ya raba ɗa da iyaye. Amma in an sake kawo ƙara, ko ya sake ganin gungume, ba zai saurari kowa ba. Na ce na ɗauka. Maƙeri daga cikin taro ya ce shi ya janye tasa. Dogari ya mayar da igiya cikin aljihu.

Duk wannan yaron bai ɗaga kai ba, na ɗauka ma bai san abin da ake yi ba. Muna komawa gida, ni a gaba su a baya, sai na ji ya ja tsumman ya ce da uwarsa, a hankali, don kada in ji:

"Inna, ashe ya san sunana."

Litinin, 7 ga Zulƙida, hantsi.

Bai warke ba, kada in ruɗi kaina. Jiya ya sake cewa a kai shi maƙabarta, Kulu ta ce sai an gama shanya, ya haƙura. Har yanzu ba ya duban rijiya. Amma ya karɓi rabin ludayi na ruwa daga hannunta, idonsa a rufe, ita ta riƙe masa ƙeya. Ta rame ta yi baƙi, girar ta bar tabo. Na ce mata Allah ya biya ta, ta ce in bar ta ta ji da tuwo.

Na aika Tambuwal a nema mini hutu, in an hana a ba wani aikin da keken.

Yau da safe zan tafi garke, na tsaya a bakin ɗakin Dada. Suna ciki su biyu. Na kira shi ƙasa-ƙasa, bai ji ba. Kulu ta dube ni. Na sake kira.

Almu.

Ya ɗago kai. Sannan ya ce, "Na'am, Baba."